Kujerun muhalli, wuta da agajin gaggawa a Najeriya: ta ina ake hawa, ta ina ake sauka?

Idan aka ɗauke wuta kwana uku a jere, ko ruwa ya ci gari, ko hayaƙin wata masana'anta ya hana unguwa barci, sunan wani babba ne ke faɗawa bakin mutane. A zage shi a teburin mai shayi, a zage shi a Facebook. Amma kaɗan ne suka san hanyar da ya bi ya kai ga kujerar, da iyakar ikonsa, da abin da ke jiransa ranar sauka. Ga tambayoyin da matasa masu neman aikin gwamnati da masu bin labarai suka fi yi.

Su wane ne manyan jami'an da ake magana a kansu?

Kashi uku ne, kuma rashin bambance su ke sa a ɗora wa wani laifin wani. Na farko minista, wanda shugaban ƙasa ke zaɓa, majalisar dattawa ta tantance. Ɗan siyasa ne, yau yana nan, gobe ana iya jin saukarsa a rediyo. Na biyu babban sakatare da daraktocinsa, waɗanda suka taso cikin aikin gwamnati tun daga ƙasa. Babban sakatare shi ke amsa tambaya kan kowane kwabo da ma'aikata ta kashe, ba minista ba.

Na uku shugabannin hukumomi: NEMA mai ba da agajin gaggawa, NESREA mai tilasta bin dokokin muhalli, NOSDRA mai bin diddigin malalar mai, NERC mai sa ido kan harkar lantarki, TCN mai dakon wuta daga tashoshi zuwa garuruwa, REA mai kai wuta karkara, NiMet ta hasashen yanayi, NIHSA mai auna ruwan koguna, da hukumomin raya koguna 12, irin su Haɗeja-Jama'are mai hedikwata a Kano da Sakkwato-Rima. Waɗannan suna tsaka-tsaki. Naɗa su ake yi kamar minista, amma doka ta yanka musu wa'adi, kuma ana sa ran sun san aikin kafin su zo.

Shekara nawa ma'aikaci ke yi kafin ya zama darakta ko babban sakatare?

Mai digiri da ya gama bautar ƙasa yakan fara daga matakin albashi na 8. Daga nan sai 9, sai 10, sai a tsallake 11 a faɗa 12, a ci gaba har 14. Mataki na 15 ƙaramin mataimakin darakta ne, 16 mataimakin darakta, 17 cikakken darakta. Ƙa'ida ta ce a yi aƙalla shekara uku a kowane mataki har zuwa 14, daga 15 kuma shekara huɗu-huɗu. Idan ka haɗa lissafin, kusan shekara 26 ke nan, in har ba a taɓa faɗuwa jarabawar ƙarin girma ba, kuma duk lokacin da aka ci akwai gurbi. A nan gizo ke saƙa, domin mutum kan ci jarabawa ya zauna jiran gurbi shekara da shekaru.

Ritaya kuwa ba ta jira: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, duk wanda ya riga zuwa. Wanda ya shiga yana ɗan 25, mafi sauri ya zama darakta yana ɗan 51. Wanda ya sha yajin aikin jami'a da zaman jiran aiki har ya shiga yana ɗan 33, to da wuya ya ga mataki na 17 da idonsa.

A 2009, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa, lokacin da Stephen Oronsaye ke shugaban ma'aikata, aka kawo tsarin wa'adi: darakta shekara takwas, babban sakatare shekara huɗu da za a iya sabuntawa sau ɗaya. Gwamnatin Buhari ta dakatar da tsarin a 2016, ya sake dawowa aiki a 2023. Babban sakatare daga cikin daraktoci ake zaɓarsa, bayan rubutacciyar jarabawa da gwajin kwamfuta da ganawa baki da baki, sannan a duba daidaiton rabo tsakanin jihohi. Wato ƙwararren darakta na iya rasa kujerar don kawai gurbin jiharsa a cike yake.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba shi ne, babban sakatare ba na ma'aikata ɗaya ba ne. Wanda ke ma'aikatar lantarki bana, baɗi ana iya samunsa a ma'aikatar matasa. Waɗanda suka san tarihin kowace madatsa da kowane layin wuta su ne injiniyoyi da masana kimiyyar da ke zaune a sassansu shekara 20 ba wanda ya san sunansu.

To minista fa, wace takarda ake nema a wurinsa?

Tsarin mulki bai nemi komai ba illa abin da ake nema ga ɗan majalisar wakilai, wato karatun sakandare ko makamancinsa, kuma kowace jiha ta samu aƙalla minista ɗaya. Galibi ma majalisar dattawa kan tantance mutum ba ta san ma'aikatar da za a ba shi ba. Wasu a ce su sunkuya su wuce.

Shi ya sa kujerar lantarki ta ga mutane iri-iri. Bola Ige lauya ne, haka Babatunde Fashola, wanda aka haɗa masa lantarki da ayyuka da gidaje daga 2015 zuwa 2019. Bart Nnaji farfesan injiniya ne. Adebayo Adelabu, da aka naɗa a 2023, tsohon mataimakin gwamnan babban banki ne. A muhalli kuma Balarabe Abbas Lawal daga kujerar sakataren gwamnatin jihar Kaduna ya zo.

Dole sai injiniya ko masanin kimiyya ne zai shugabanci hukuma?

A'a, kuma ba kullum hakan yake zama illa ba. Sam Amadi, wanda ya riƙe NERC daga 2010 zuwa 2015, lauya ne, kuma rabin aikin NERC dama shari'a ce da lissafi: lasisi, farashi, hukunta kamfani, sauraron ƙorafin masu biyan kuɗin wuta. James Momoh farfesa ne da aka ɗauko daga jami'ar Howard ta Amurka. Sanusi Garba, da ya karɓa a ƙarshen 2020, injiniya ne da ya daɗe cikin harkar. A NiMet an fi ɗauko malaman jami'a, irin su Farfesa Sani Mashi da Farfesa Mansur Matazu. NEMA ta ga hafsoshin sojan sama masu ritaya, ta ga injiniya, a watan Maris na 2024 kuma aka naɗa Zubaida Umar, wadda ta fito daga harkar banki.

A ganina tambayar da ta fi takarda muhimmanci ita ce: mutumin nan ya taɓa tsayawa a wurin da abin ke faruwa? Ya taɓa kwana a sansanin 'yan gudun hijira, ko a ɗakin da ake juya wutar ƙasa a Oshogbo daren da babban layi ya faɗi? Gani ya kori ji. Shugaban da bai san filin ba, abin da daraktoci suka ga dama shi za su rubuto masa, ya sa hannu.

Yaushe muhalli ya zama aikin da ake hawa kujera dominsa?

Sai da aka zubo mana shara daga waje. A 1988 aka gano dubban ganguna na dagwalon masana'antu mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a Koko, wani ƙaramin garin bakin ruwa da ke jihar Delta ta yanzu. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka tsegunta wa jaridun gida. Gwamnatin Babangida ta tilasta aka kwashe kayan, ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da irin wannan shara, kuma a shekarar ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA ƙarƙashin Dakta Evans Aina. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta nazarin tasirin babban aiki ga muhalli kafin a fara shi. A 1999 Obasanjo ya kafa ma'aikatar muhalli ta haɗiye FEPA, sai 2007 aka kafa NESREA don cike giɓin tilasta doka, Dakta Ngeri Benebo ta zama shugabarta ta farko.

Kafin duk wannan, a garuruwanmu jami'in muhalli shi ne duba-gari, mai leƙa randa da kwata da salga. Tsofaffi na cewa an fi tsoronsa a kan ɗan sanda.

Arewa ta samu nata darasin mai ɗaci a 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara gano abin. Garin Bagega kuwa sai 2013 aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa. Tsakanin muhalli da ma'adinai da lafiya, kowace ma'aikata tana da darakta mai alhakin wani ɓangare, amma babu mai alhakin duka.

Ana yawan kawo misali da Amina Mohammed. Wace hanya ta bi?

Ba ta bi tsanin mataki na 8 ba. 'Yar asalin Gombe ce, an haife ta a 1961, ta fara aiki a kamfanin zanen gine-gine, inda ta shafe shekaru tana bin ayyukan makarantu da asibitoci. Daga baya ta shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Afri-Projects. A 2005, shekarar da aka yafe wa Najeriya bashin dala biliyan 18, Obasanjo ya naɗa ta babbar mataimakiya kan muradun ƙarni, tana kula da kimanin dala biliyan ɗaya a shekara da aka ware daga rangwamen bashin. Ta ci gaba da riƙe ofishin zamanin 'Yar'aduwa da Jonathan, abin da ba kasafai ake gani ba. A 2012 sakatare janar na Majalisar Ɗinkin Duniya Ban Ki-moon ya ɗauke ta mai ba shi shawara, ta kasance cikin jagororin tattaunawar da ta haifi muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a 2015.

A watan Nuwamba na 2015 Buhari ya ba ta ma'aikatar muhalli. A zamaninta aka ƙaddamar da aikin tsaftace yankin Ogoni a watan Yuni na 2016, shekara biyar bayan rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ɓarnar mai a can. Ta kuma aza harsashin takardun lamuni na ayyukan muhalli da aka fitar a Disamban 2017, irinsu na farko daga wata gwamnati a Afirka. Amma ba ta kai shekara ɗaya da rabi a kujerar ba, domin António Guterres, wanda ya gaji Ban Ki-moon, ya zaɓe ta mataimakiyarsa, ta koma New York a farkon 2017. Bayan tafiyarta wata ƙungiyar kare muhalli ta zarge ta da sa hannu kan takardun fitar da katakon madobiya zuwa Sin, ita kuma ta musanta cewa ta saɓa ƙa'ida.

Masu kafa misali da ita sukan fara labarin daga New York. Shekaru sama da 30 da ta yi tana bin kwangila da kasafin kuɗi da rubuta rahoto kafin nan, su ba a cika ambata ba.

A harkar wuta, wa ke da iko: minista, NERC ko kamfani?

Har yau wasu na cewa 'yan NEPA, alhali NEPA da aka kafa a 1972 ta daɗe da zama tarihi. Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ce ta rarraba ta, ta kuma kafa NERC. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta 11 da yawancin tashoshin samar da ita ga 'yan kasuwa. KEDCO ta ɗauki Kano da Katsina da Jigawa, kamfanin Kaduna ya ɗauki Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Kebbi, na Jos da na Yola suka raba mafi yawan sauran Arewa da ba ta ƙarƙashin Abuja. TCN kuwa gwamnati ta riƙe.

Saboda haka minista manufa yake tsarawa. Farashi aikin kwamishinonin NERC bakwai ne, waɗanda majalisar dattawa ke tabbatarwa. Lokacin da kuɗin wutar rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana, ya tashi a Afrilun 2024 daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 kowane ma'auni, umarnin NERC ne, kodayake kowa ya san ba za a yi irin wannan ba tare da gwamnati ta amince ta janye tallafi ba. Taransifomar unguwarku da ta ƙone kuma ta kamfanin rarrabawa ce. Duhun da ya rufe yawancin Arewa sama da mako guda a Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan wanda ke biyowa ta Binuwai ya samu matsala, wannan na TCN ne da jami'an tsaro.

Wani lokaci ma umarnin ba daga cikin fannin yake fitowa ba. A Agustan 2023, bayan juyin mulkin Nijar, Najeriya ta katse wutar da take ba maƙwabciyarta, wadda ita ce kaso mafi tsoka na wutar da Yamai ke sha. Takunkumin ECOWAS ne, shawarar shugabanni, amma injiniya aka sa ya kashe layin. Sai Maris na 2024 aka mayar.

Ashe aikin shugaban NEMA ba rabon shinkafa da tabarma ba ne?

Wannan tambayar ita ce zuciyar matsalar. Asalin hukumar dama ta rabo ce: a 1976 aka kafa hukumar ba da kayan agaji bayan farin da ya addabi Arewa a farkon shekarun 1970. A 1999 aka sake mata suna da doka, aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da shiri tun kafin bala'i, da gargaɗi, da ceto, da haɗa kan sojoji da 'yan kwana-kwana da asibitoci da jihohi. Mataimakin shugaban ƙasa ne ke shugabantar majalisar gudanarwarta. Amma hoton da ke fita a talabijin har yau shi ne na tirela da buhuna, domin shi ɗan siyasa ke so a gani. Magudanar ruwan da aka yashe a watan Afrilu ba ta da hoto.

Dubi ambaliya. A 2012 alƙaluman NEMA sun nuna mutum 363 sun rasu, sama da miliyan biyu sun bar gidajensu. A 2022 mamatan sun haura 600. Duk sau biyun an ambaci sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, an kuma tuno da madatsar Dasin Hausa a Adamawa, wadda aka tsara don tare ruwan tun shekarun 1980 ba a gina ba. Ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri har fadar Shehu da asibitin koyarwa da gidan yari da gidan namun daji. A 1994 ma ta taɓa yi.

A cikin wannan duka, me ke hannun shugaban NEMA? Madatsar Alau ba tasa ba ce, tana ƙarƙashin hukumar raya yankin tafkin Chadi ta ma'aikatar ruwa. Hasashen damina na NiMet ne, taswirar ƙananan hukumomin da ruwa zai iya ci ta NIHSA ce, kuma duk shekara ana fitar da su kafin ruwan farko. Tashin mutane daga bakin kogi aikin gwamna ne da hukumar agajin jiha da shugaban ƙaramar hukuma da hakimi. Shugaban NEMA ba ya iya ba gwamna umarni. Wasiƙa yake rubutawa, ya kai ziyara, ya roƙa. Don haka gwaninta mafi girma a kujerar ita ce iya sa mutanen da ba a ƙarƙashinka suke ba su motsa tun sama ba ta haɗa hadari ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kasafin kuɗinmu ranar tafiyar yake fitowa.

A wasu ƙasashe ma haka ake naɗa wanda aka ga dama?

Amurka ta yi, ta kuma ji a jikinta. Michael Brown, shugaban hukumar agajinsu ta FEMA lokacin guguwar Katrina a 2005, lauya ne da ya shafe shekaru yana aiki da ƙungiyar masu dawakan Larabawa. Makonni biyu bayan ruwa ya cinye New Orleans ya ajiye aiki. A 2006 majalisarsu ta yi doka cewa duk wanda za a ba kujerar sai ya nuna sanin aikin agajin gaggawa, da aƙalla shekara biyar na shugabanci.

Craig Fugate, wanda ya riƙe hukumar daga 2009 zuwa 2017, da aikin kashe gobara na sa-kai ya fara, ya zama ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya, ya riƙe agajin ƙaramar hukumarsa, sannan na jihar Florida. Shi ne mai auna girman ɓarna da gidajen cin abinci na Waffle House: in a buɗe suke, da sauƙi, in a rufe suke, a tura agaji can. Kamar a ce a garinmu, in ka ga mai shayi bai kafa tebur ba, to lamarin ya kai.

Me ya fi kayar da su?

Abu uku nake gani. Na farko gajeren zama. Tsakanin 2017 da 2024 mutum biyar suka zauna kujerar NEMA: Muhammad Sani Sidi, Mustapha Maihaja, Muhammadu Alhaji Muhammed, Mustapha Habib Ahmed da Zubaida Umar. Rukunin farko na kwamishinonin NERC an dakatar da su a 2009 kafin wa'adinsu ya cika, hukumar ta zauna hannun mai riƙo har ƙarshen 2010. An cire Usman Gur Mohammed daga TCN a 2020, an sallami ministan lantarki Saleh Mamman a Satumban 2021. Layin dakon wuta ko madatsa kan ci shekara biyar zuwa goma, mai aza tubali ba shi ke yanke kyalle ba, wanda ya gada kuma yakan fi son nasa sabon aikin. Injiniya Suleiman Adamu na cikin 'yan kaɗan da suka daɗe, kusan shekara takwas a ma'aikatar ruwa, duk da haka ƙudirin dokar albarkatun ruwa da ya dage a kai bai tsallake majalisa ba.

Na biyu kuɗin gaggawa. Inda aka ce a yi sauri, a nan ake tsallake ƙa'idar ba da kwangila. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya daga asusun magance matsalolin muhalli, kafin a yi masa afuwa a 2022. Batun kwangilar yankan ciyawa a Yobe ya ci kujerar sakataren gwamnatin tarayya Babachir Lawal a 2017, kodayake kotu ta sallame shi a 2022. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu wata biyar kacal da hawanta.

Na uku haɗa kujera da kasuwanci. Bart Nnaji ya sauka a Agustan 2012, ana tsakiyar cinikin kamfanonin wuta, bayan an taso da maganar alaƙarsa da wani kamfani mai neman saye. Mutum ne da ya san aikin sosai, kuma a nan tarkon yake: wanda ya ƙware a harkar wuta, galibi yana da hannu a cikinta. Doka ta haramta wa jami'in gwamnati gudanar da kasuwanci in ban da noma, ta kuma wajabta masa bayyana kadarorinsa ranar hawa, da duk bayan shekara huɗu, da ranar sauka.

Sai an je Abuja?

Yanzu a'a. Gyaran tsarin mulki da Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, da sabuwar dokar lantarki ta watan Yuni na shekarar, sun ba jihohi damar kafa nasu hukumomin kula da wuta. Enugu da Ekiti da Ondo ne suka fara karɓar ikon daga NERC a 2024. Kowace irin wannan hukuma na buƙatar mai lissafin farashi da lauya da injiniya, kuma masu wannan ilimin ba su da yawa a Arewa. Akwai kuma hukumomin agaji na jihohi, da na kwashe shara, da shirin dashen itatuwa na tare hamada da ke aiki a jihohi 11 daga Kebbi zuwa Borno. Tarihi ma ya nuna jiha na iya yin abin a zo a gani: madatsar Tiga da sauran madatsun Kano aikin gwamnatin jiha ne zamanin Audu Bako.

Matashin da ke sha'awar wannan layi, daga ina zai fara?

Daga karatun da ke da wuya, wanda abokai ke gudu: injiniyan lantarki ko na gine-gine, kimiyyar ruwa, nazarin ƙasa da taswira, kimiyyar yanayi, lafiyar muhalli, tattalin arzikin makamashi, ko shari'a. Injiniya ya nemi rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya, da wuri. Jami'o'i shida ne NEMA ta tallafa suka buɗe cibiyoyin nazarin bala'o'i, uku a Arewa: Ahmadu Bello ta Zariya, ta Maiduguri, da ta fasaha ta Minna. Ga wanda ya riga ya yi nisa a aiki, kwas ɗin cibiyar nazarin manufofi da dabarun mulki ta Kuru kusa da Jos, wadda aka kafa a 1979, shi ne wanda manya ke nema.

Kada a raina aikin fili: sa-kai da ƙungiyar Red Cross, aiki da ƙungiyoyin agaji a Borno ko Yobe, karatun mita, auna ruwan kogi. Sannan rubutu. A gwamnati, wanda ya iya rubuta takarda mai shafi biyu da minista zai karanta a mota ya gane, shi ake nema duk lokacin da abu ya taso. Batun hanya da ubangida kuwa, ƙarya ne a ce babu shi, musamman a naɗin shugabannin hukumomi. Amma ubangida kujera kawai zai iya ba ka. Ranar da kwamitin majalisa ya kira ka ya baje takardu, kai kaɗai za ka zauna.

In an sauka, sai ina?

Wasu sama suke ƙara yi. Damilola Ogunbiyi ta tashi daga hukumar lantarki ta jihar Legas zuwa REA a 2017, daga can ta zama shugabar shirin makamashi mai ɗorewa na SEforALL a 2020. Sadiya Umar Farouq daga hukumar 'yan gudun hijira ta zama ministar jin ƙai ta farko a 2019. Akwai kujerun yanki, irin hukumar tafkin Chadi da aka kafa a 1964 mai hedikwata a Njamena, wadda ɗan Najeriya ya saba riƙe sakatariyarta, da hukumar kogin Neja a Yamai. Ibrahim Usman Jibril kuwa, ƙaramin ministan da ya riƙe muhalli bayan tafiyar Amina Mohammed, a Disamban 2018 ya ajiye aiki ya je aka naɗa masa rawanin Sarkin Nasarawa.

Daraktoci su ba a jin saukarsu. A yi ɗan biki a ofis, a ba da kyautar agogon bango, a fara zaryar fansho. Da yawa sukan buɗe ƙaramin kamfanin ba da shawara, su riƙa rubuta wa masu gina masana'antu da madatsu rahoton tasirin muhalli, su kai shi sashen da suka bari, su zauna a benci suna jiran yaron da suka koya wa aiki ya fito daga taro.